Haldol: Idan wuya ya murɗe, a nufi asibiti

Wannan jawabi ne da wani likitan ƙwaƙwalwa ya gabatar a zaman da aka shirya wa iyalan masu taɓin hankali.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzo (S), likitan ya ce zai tsaya ne a kan ƙwaya ɗaya, wato haloperidol, wadda aka fi sani da Haldol. An haɗa ta a Beljiyam a shekarar 1958, kuma har yau ana rubuta ta a asibitocinmu saboda araha da ƙarfin aiki. Aikinta shi ne tare wani sinadari na ƙwaƙwalwa mai suna dofamin, wanda idan aikinsa ya wuce kima mutum kan riƙa jin muryoyi da zargin jama'a. Sai dai shi wannan sinadari shi ne kuma ke daidaita motsin gaɓɓai, to a nan matsalar take.

Ya ce abin da ya fi raba iyalai da maganin yakan faru ne a kwana 5 na farko, musamman ga samari. Kwatsam sai wuya ya murɗe gefe, idanu su kafe sama, harshe ya zazzago, muƙamuƙi ya ƙage. Nan take sai gida ya ɗauka mutanen ɓoye ne suka sauka, a turnuƙe ɗaki da hayaƙi, a aika kiran mai ruƙiyya, a watsar da ƙwayoyin. Alhali bawan Allahn nan yana cikin hayyacinsa, yana jin duk abin da ake faɗa, azaba ce da tsoro suka cika shi. Jijiyoyinsa ne suka ɗaure, kuma allura ɗaya a asibiti kan sake su cikin ɗan lokaci. Jinkiri na da haɗari, domin ɗaurewar kan iya kama maƙogwaro ta toshe numfashi. Ya ce bai hana kowa addu'a ba, amma a riƙa yin ta ana kan hanyar asibiti.

Daga nan ya juya kan wanda ke kasa zama wuri ɗaya, ya tashi, ya zauna, ya yi ta kai-kawo a tsakar gida. Sau da yawa sai a ce ciwon ne ya motsa, a ƙara masa ƙwaya, wani ma a sa shi a mari, ga shi kuwa ƙwayar ce ta jawo, rage ta ya kamata likita ya yi.

Rawar hannu, dalalar miyau da tafiya kamar an ɗaure mutum, ya ce waɗannan akan ba da Artane dominsu. Amma ya ja kunne kada a saya a kemis ba da takardar likita ba, kuma a ajiye ta a hannun babba, tunda matasa na shan ta don maye.

Ya ƙara da cewa wanda ya daɗe yana sha, musamman tsofaffi, a lura da bakinsa. Idan ya fara tauna ba komai a baki, ko harshe na motsi da kansa, a sanar da wuri, domin wannan kan iya zama na dindindin, Artane kuma ba ta maganinsa, tana ma iya ƙara shi.

Wuri ɗaya ne ya ce a dakatar da ƙwayar tun kafin a ga likita: idan zazzaɓi mai zafi ya haɗu da sandarewar jiki, gumi da ruɗewa. Kada a tsaya ba da maganin zazzaɓin sauro. Ba kasafai yake faruwa ba, amma yana kisa, don haka ko tsakar dare ne a tafi.

Ya kuma taɓo abin da kunya ke hana faɗa: ɗaukewar haila, zubar nono ga wadda ba ta shayarwa, da raunin mazakuta. Ya ce magidanta da dama a ɓoye suke daina sha saboda wannan, ciwo ya dawo bayan makonni ko watanni, alhali da sun faɗa, da an rage ko an sauya musu. Ko da yake su ma sababbin, irin su olanzapine, na kawo ƙiba da ciwon suga.

Da aka tambaye shi batun azumi, ya ce akan iya mayar da shan ƙwayar zuwa dare, amma a je a tsara da likita tun cikin Sha'aban.