Garwashi a Rufaffen Ɗaki

   

Hunturu ya kama, kowa na neman ɗumi, shi ya sa muka zo da maganar kaskon wuta da janareta.

Wuta ba ta ci sai abu uku sun haɗu: makamashi, da zafi, da wani sashe na iskar da muke shaƙa mai suna oksijin, wanda shi ne kashi 21 cikin 100 na iskar. In iska ta wadata, gawayi na ƙonewa sarai, ya fitar da irin iskar da mu ma muke fitarwa wajen numfashi. Amma in aka rufe ƙofa da taga, oksijin ya yi ƙaranci, sai ƙonewar ta zama rabi da rabi, wata iska mai guba ta taru a ɗakin. Sunanta kabon monoksayid.

Wannan iska ba ta da wari, ba ta da launi. Garwashin da ya yi jajur ba hayaƙi ma yana fitar da ita. Jinin mutum kuwa yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da ɗoriya. Mutum na numfashi, amma jikinsa ba ya samun abin da yake bukata. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Mai barci ba ya jin komai, sai a wayi gari an rasa iyali, a ce aljanu ne ko guba a abinci.

To, ga roƙonmu. Kada a kwana da garwashi a ɗaki, balle ɗakin maijego da jariri. Janareta ma yana fitar da wannan iska, don haka a ajiye shi a fili, nesa da taga, ban da zaure ko shago. Iyayenmu mata, ku duba harshen wutar risho da gas: shuɗi shi ne daidai, in ya yi rawaya yana baƙanta tukunya, a gyara.

In mutanen ɗaki ɗaya suka kamu da ciwon kai lokaci guda, ku buɗe ƙofa, ku fitar da su waje, ku garzaya asibiti.

Wanda ya ji, don Allah ya faɗa wa maƙwabcinsa. Allah Ya tsare mu baki ɗaya.