Giɓin Labari Tsakanin Littafi da Fim

A ƙauyukan Funtuwa da Malumfashi, da zarar an killace masara an kai auduga kasuwa, matasa kan duƙufa kallon finafinan aljanu da jarumta a wayoyinsu, kuma yawancin gardamar da ke biyo baya a kan giɓin labari take, wato wurin da aukuwa ta saɓa wa abin da labarin ya shimfiɗa tun farko.

Littafin Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta yana malamin makarantar Midil ta Katsina, aka buga a 1934, misali ne mai kyau. Jarumin littafin, Alhaji Imam, ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, amma ya kwashe shekaru yana yawo gari gari suna yi wa juna keta shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, alhali majinyaci yana kwance, har aljanu suka taimaka ya kai ga ruwan. Mai karatu ba ya damuwa, domin Alhaji ne da kansa yake ba da labarin a gaban Koje Sarkin Labari, kuma an san mai hira da ƙarin gishiri. A fim kuwa, kyamara takan nuna abu tamkar ya faru, saboda haka mai kallo zai tambayi yadda mara lafiyar ya rayu.

Duk daraktan da ya cire mai ba da labarin, wajibi ne ya toshe wannan giɓi da kansa.