In Sandar Giya Ta Yi Sako-sako

Yau zancen mota za mu yi. Kada wani ya ce, "Ina ruwana, ni ko jaki ba ni da shi." Wa ke kai gyaɗarka kasuwa? Wa ke kai mai ɗakinka asibiti in haihuwa ta zo da gardama? Mota ce. Balle a ajin nan akwai direbobi da yaran mota.

Kun san sandar ƙarfen nan ta gefen direba, wadda ya ke turawa gaba da baya. Ita ce sandar giya. In mota tana da lafiya, aka sa giya, sandar ta kan tsaya daram. In ta yi sako-sako kuwa, sai ta riƙa yawo kamar muciya a tukunyar da ba tuwo. Direba ya nemi giya ta ɗaya, ya faɗa ta uku. A miƙaƙƙiyar hanya abin dariya ne. A hawan tudu, da buhu ashirin a baya, inji ya kan mutu, mota ta soma ja da baya.

To, me ke kawo haka? Da yawa su kan ce akwatin giya ne ya lalace, har a sauke shi, a kashe kuɗin da ya kai na sa. Sau da yawa ba shi ba ne. A gindin sandar akwai wani dunƙule kamar ƙwallo, yana zaune cikin ɗan ƙoƙo na roba mai tauri. Makanikai suna ce da robar nan bushin. Kullum ana gugarta. Ƙurar hunturu ta shiga, ta gauraya da giris, ta riƙa cinta kamar yashi. Cin da bai wuce kaurin farce ba a ƙasa, in ya zo wurin hannu ya kan ninka sau da yawa, domin sandar doguwa ce.

Motoci ba iri ɗaya ba ne. A Toyota Hilux ta da, sandar a kan akwatin giya ta ke, ta shiga cikinsa kai tsaye. Gyaranta daga cikin mota a ke yi. A tsai da mota wuri mai lebur, a kashe inji, a ja birkin hannu, a sa weji a taya. A mai da giya firi. A kwance kan sandar, a ɗaga rigar robar da ta rufe gindinta. Za a ga murfin ƙarfe. A danna shi ƙasa, a murɗa hagu, sandar ta fito. Nan fa a yi hankali. Ramin da ya buɗe cikin akwatin giya ya nufa. A toshe shi da tsumma mai tsabta, a tsince ɓurɓushin tsohuwar roba kaf, kada ko ɗaya ya faɗa ciki. Sa'an nan a cire tsumman, a sa sabon bushin, har da ƙaramin da ke bakin sandar, a shafa giris kaɗan, a mayar.

A tsohuwar Golf kuwa akwatin giya yana can gaba tare da inji, waɗansu ƙarafa ne su ka haɗa shi da sandar, kowace gaɓa da robarta. Sai mutum biyu. Ɗaya ya kaɗa sandar, ɗaya ya duba gaɓar da ke motsi ba ta jan komai. Kada a shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai. Kafin a kwance noti, a karta alama da ƙusa, don a mai da ƙarfen daidai wurinsa. In an kuskure, ribas ya ɓata.

Mun sha ganin an ɗaure gaɓar nan da waya ko robar tayar keke. Wannan na a kai gida ne kurum.

Amma in giya tana fita da kanta ana cikin tafiya, ko tana ƙara in za a sa ta, wataƙila kuloci ne, ko ciwon yana cikin akwatin. Wannan sai makaniki.

Yanzu kowa ya ɗauki fensir. Mu rubuta: giya, bushin, giris, weji.