Sallama Daban, Wankewa Daban



Mu malaman firamare muna riƙe da amanar 'ya'yan mutane da ta kayan hukuma, ga kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai da ke bi ta hannunmu. Mai riƙe da irin wannan amana bai fi ƙarfin zargi ba. A wayi gari a ce buhunan abincin ɗalibai sun yi ƙafa, ko a ce bulalar malam ta ji wa yaro rauni, sai ka ga ɗayanmu tsaye gaban alƙali. Idan shari'a ta ƙare ya komo gida, abin da ke hana iyalinsa barci shi ne ko za a sake dawo da maganar.

Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya amsa wannan a sashe na 36, ƙaramin sashe na 9. Wanda ya nuna cewa kotu mai hurumi ta riga ta yi masa shari'a a kan wani laifi, ta same shi da shi ko ta wanke shi, ba za a sake gurfanar da shi a kan wannan laifin ba, ko a kan wani mai ginshiƙai iri ɗaya da shi, sai da umarnin kotun da ke sama. Ƙaramin sashe na 10 ya ba da irin wannan kariya ga wanda aka yi wa afuwa. Hikimar a fili take: hukuma na da 'yan sanda da lauyoyi da baitulmali, malami kuwa albashinsa kaɗai gare shi. Da an bar ta ta yi ta maimaita ƙara, da ta gajiyar da mai gaskiya har ya durƙusa.

Sai dai rashin sani ya fi dare duhu, kuma akwai wuraren da muke tuntuɓe. Idan mai gabatar da ƙara ya daina zuwa aka kori shari'ar, ko Antoni Janar ya dakatar da ita da ikon da sashe na 174 ko na 211 ya ba shi, yawanci sallamar mutum kawai aka yi, ba a wanke shi ba, kuma ana iya sake kawo shi. Ko an wanke shi ma, masu ƙara na da damar ɗaukakawa, kotun sama kuma na iya umartar a sake shari'ar. Haka nan wannan kariya ta shari'ar laifi ce. Ita kaɗai ba ta toshe ƙarar neman diyya ko zaman kwamitin ladabtarwa a wurin aiki.

Mu lura kuma da cewa nauyin nunawa yana wuyan wanda ake tuhuma. Alƙali na biyu ba zai karɓi labarin baka ba, takarda zai nema. Saboda haka ranar da aka yanke wa ɗan'uwanmu hukunci, kafin a shiga murna da rabon goro, mu tambayi lauya a gaban kowa: sallama ce ko wankewa? Mu nemi kwafin hukuncin mai hatimin kotu, iyali su adana ɗaya, sakataren reshe ya ajiye ɗaya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Muna roƙon kwamiti ya buɗe fayil domin waɗannan takardu kafin zama na gaba, ya kuma ware abin biyan kuɗin kwafin daga asusun walwala, don kada rashin 'yan kuɗi kaɗan ya sa wani cikinmu ya rasa hujjarsa.

Allah Ya kare mu daga sharrin ƙazafi.