Amsar Wasiƙunku: Jim Brown, Ɗan Wasan da Ya Tashi Kasuwa Tana Ci

 Wasiƙar da muka ɗauko yau ta fito ne daga wani mai saurarenmu, ɗan kasuwar hatsi, wanda ya ce ɗansa ya nuna masa wani tsohon hoto na Muhammad Ali yana zaune bakin tebur tare da waɗansu ƙarti baƙar fata cikin kwat. An gaya masa wai na kusa da Ali ɗin sunansa Jim Brown, ɗan ƙwallo ne da ya bar wasa yana da shekara 30, alhali a lokacin babu wanda ya kama ƙafarsa. Shi ne yake tambaya: wane ne wannan mutum, wane irin ƙwallo ya buga da ba a jin sunansa tare da su Pele, kuma me zai sa mutum ya naɗe tabarmarsa kasuwa tana tsakiyar ci?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Abin da ya sa ba ka ji shi tare da su Pele ba, ƙwallonsu ba ɗaya ba ne. Shi Jim Brown zari-ruga ya yi irin na Amurka, wasan da su Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa ko da yake ƙafar ba ta cika taɓa shi ba. Ƙwallon ma ba kewayayye ba ne, siffar gwanda gare shi, da tsini a kai da gindi. Mutum 11 ne a kowane ɓangare, tsawon filin kuma yadi 100, yadi irin wanda kuka sani a wurin mai sayar da atamfa. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo ana ba su dama huɗu su matsa gaba yadi 10. In sun cika, a sake ba su huɗu. In sun kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Wanda ya shiga da ƙwallo ƙarshen fili ya samo wa ƙungiyarsa maki 6. Hanyar tsayar da mai ƙwallo kuwa ita ce a kama shi a kayar, shi ya sa za ka ga kowa da kwalkwali a ka, kafaɗu a cushe kamar dokin da aka sa wa lifidi.

A cikin mutum 11 ɗin nan akwai wanda aikinsa shi ne a danƙa masa ƙwallo a ciki, ya rungume, ya kutsa tsakiyar mutanen da ke jiransa. Shi ne mai rugawa da ƙwallo, kuma shi ya fi kowa shan duka, don sau 20 ko fiye a wasa ɗaya ƙarti biyu ko uku za su haɗu su danne shi. Wannan shi ne aikin Jim Brown.

An haife shi ranar 17 ga Fabrairu 1936 a tsibirin St. Simons da ke jihar Jojiya a kudancin Amurka, zamanin da doka ta raba baƙi da farare a makaranta da mota da wurin cin abinci. Ubansa ɗan dambe ne, bai zauna da su ba. Uwarsa ta tafi arewa aikatau a gidajen masu hali, ta bar shi hannun kakanni, sai da ya kai shekara 8 sannan ya bi ta garin Manhasset kusa da birnin New York. Can aka gane yaron duk wasan da ya sa hannu sai ya fi tsararrakinsa. Amma da ya shiga Jami'ar Syracuse a 1953 ba a ba shi tallafin karatu irin wanda ake ba 'yan wasa ba, sai wani lauya na garinsu, Kenneth Molloy, ya bi mutane ya tara masa kuɗin makaranta. A 1956, shekararsa ta ƙarshe a wasan jami'a, ya ci maki 43 shi kaɗai a wasa ɗaya da Jami'ar Colgate. Duk da haka da aka zo zaɓen gwarzon 'yan wasan jami'o'i, kyautar da ake kira Heisman, na biyar ya zo, aka ba wani Bature wanda ƙungiyarsa ta ci wasa 2 ta faɗi 8. Baƙar fata bai samu kyautar nan ba sai a 1961, kuma wanda ya samu, Ernie Davis, ɗan Syracuse ne da ya gaji rigar Jim Brown mai lamba 44.

A 1957 ƙungiyar Cleveland Browns ta ɗauke shi. Kada sunan ya ruɗe ka, ba don shi aka raɗa wa ƙungiyar ba. Sunan mai horar da su ne na farko, Paul Brown, kuma babu dangantaka tsakaninsu. Shekara 9 ya yi musu, daga 1957 zuwa 1965, yana sanye da lamba 32. A cikin shekara 9 ɗin nan, sau 8 shi ne ya fi kowa a gasar NFL yawan yadin da ya ruga da ƙwallo. Jimilla yadi 12,312, wato mil 7 saura ƙiris, kuma ka tuna kowane yadi da mutane rataye a jikinsa ya ci shi. In aka raba, duk lokacin da aka miƙa masa ƙwallo yakan ci yadi 5 da ɗoriya, rabin abin da ake nema a dama huɗu ke nan a tashi ɗaya. A kowane wasa kuma yakan haura yadi 104, abin da har yau babu wani mai rugawa da ya gama rayuwar wasansa da shi. Sau 126 ya shiga ƙarshen fili da ƙwallo, sau 3 aka zaɓe shi gwarzon gasar, a 1957 da 1958 da 1965. A ƙarshen 1964 suka lallasa Baltimore Colts da ci 27 da nema suka ɗauki kofi, kuma tun daga ranar ƙungiyar Cleveland Browns ba ta sake ɗaukar kofin gasar ba.

Mutum ne mai tsawon ƙafa 6 da inci 2, nauyinsa wajen kilo 105, ya ɗara buhun masara, ga shi da gudu kamar barewa. Amma ni abin da ya fi ba ni mamaki a lissafinsa shi ne wasa 118 aka buga a zamaninsa, bai taɓa fashin ko ɗaya ba. A 1962 ma da ya ji rauni a wuyan hannu, haka ya ci gaba da wasa, ita ce shekara ɗaya tak da wani ya wuce shi. Yana kuma da wata dabara. Duk lokacin da aka kayar da shi, ko an ji masa ciwo ko ba a ji ba, a hankali yake tashi, ya taka sannu ya koma wurin 'yan'uwansa kamar wanda ya gama yawo. Abokan karawa ba su taɓa sanin ko dukan ya shige shi ba. Wanda ya saba kallon dambe ya san ma'anar wannan: da zarar abokin karo ya ga ka yamutsa fuska, to ya san inda zai sake sa hannu.

Yanzu sai mu zo kan ainihin tambayarka, dalilin tashinsa.

Tun yana wasa ya fara fitowa a fim, na farko a 1964. A 1966 yana Ingila ana ɗaukar wani fim na yaƙi mai suna The Dirty Dozen, sai ruwan sama ya yi ta kawo cikas, aiki ya ja har lokacin da ƙungiyarsa za ta shiga sansanin horo. Niyyarsa da ma ya dawo ya buga kakar 1966. Sai mai ƙungiyar, Art Modell, ya fito bainar jama'a ya ce zai ci shi tara muddin bai bayyana a sansani ba. Jim Brown ya tara 'yan jarida a wurin ɗaukar fim ɗin, cikin watan Yuli 1966, yana sanye da kayan sojan da yake fim da su, ya ce ya bar ƙwallo. Bai kuma sake buga wasa ba.

Don ka fahimci nauyin abin, sai ka san yadda ɗan wasa yake a wancan zamani. Ba shi ke zaɓen ƙungiya ba, ƙungiya ke zaɓensa daga jami'a, kuma ƙa'idojin gasar sun sa da wuya ƙwarai ya koma wata don ta fi biya. Mai ƙungiya na iya sayar da shi ko ya yi musanyarsa yadda ya ga dama. 'Yan wasan NFL ba su samu cikakken 'yancin sauya ƙungiya ba sai a 1993. Ka ga ke nan kamar manomi ne da aka ce hatsinsa mutum ɗaya kaɗai zai sayar wa, kuma mai sayen ne zai yanka farashi. Abin da ya rage masa na iko guda ɗaya ne, ya ce ba zai sayar ba. Shi Jim Brown yana da wata sana'ar a hannu, saboda haka da aka yi masa barazana a gaban duniya kamar yaron gida, bayan shekara 9 bai yi fashin kwana ɗaya ba, sai ya yi amfani da wannan iko.

A ganina kuma lissafinsa ya fita ta wajen lafiya. Jarin mai rugawa da ƙwallo jikinsa ne, kuma jari ne da kullum raguwa yake yi. Dubi Gale Sayers na ƙungiyar Chicago, wanda ya shigo a 1965 ana cewa shi ne magajinsa: gwiwa ta lalace masa a 1968, wasa 68 kacal ya buga, ya rasu a 2020 bayan fama da ciwon mantuwa. A 2017 likitoci a Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan wasan NFL 111 da suka rasu, suka tarar 110 na ɗauke da cutar da yawan bugun kai ke haddasawa. Gaskiya ne yawancinsu iyalansu ne suka bayar don da ma sun ga alamun ciwo, amma duk da haka adadin abin tsoro ne. Jim Brown ya fita da ƙafafunsa, ya rayu shekara 57 bayan haka.

Hoton da ɗanka ya nuna maka kuwa an ɗauke shi ne ranar 4 ga Yuni 1967 a Cleveland. A watan Afrilu na shekarar Muhammad Ali ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam, ya ce addininsa ya hana shi, aka ƙwace masa kambunsa na duniya, aka hana shi dambe. Jim Brown ne ya kira manyan 'yan wasa baƙar fata zuwa ofishin wata ƙungiya da ya kafa don taimaka wa baƙaƙe su kafa sana'o'in kansu. Cikin waɗanda suka zo akwai Bill Russell, zakaran ƙwallon kwando, da wani saurayi ɗan shekara 20, Lew Alcindor, wanda daga baya ya musulunta ya zama Kareem Abdul-Jabbar. Ba duka suka zo da goyon baya ba. Da dama cikinsu sun yi aikin soja, shi kansa Jim Brown hafsa ne a rundunar ko-ta-kwana, kuma yana da hannun jari a kamfanin da ke nuna damben Ali, wato zaman Ali babu dambe asara ce gare shi. Sun yi sa'o'i suna yi wa Ali tambayoyi, suka ga mutumin nan ba zai tanƙwaru ba, kuma da gaske yake. Suka fito gaban 'yan jarida suka zauna tare da shi. A wancan lokaci, da yawancin Amurkawa ke kallon Ali a matsayin maci amanar ƙasa, zama kusa da shi a hoto na iya raba mutum da abincinsa. Mako biyu da 'yan kwanaki bayan haka kotu ta yanke wa Ali ɗaurin shekara 5, sai a 1971 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin.

Daga baya, a 1988, ya kafa shirin Amer-I-Can don koya wa fursunoni da 'yan daba yadda za su riƙe kansu su nemi na halal. Har gidansa a Los Angeles yake tara shugabannin 'yan daba masu gaba da juna, kuma yana cikin waɗanda suka taimaka aka yi sulhu tsakaninsu a unguwar Watts a 1992.

Sai dai Malam, tun da tarihi ka tambaya, dole in gaya maka ɗaya gefen. Tun daga shekarun 1960 an sha kama Jim Brown bisa zargin dukan mata. Yawancin ƙararrakin an janye su ko an sallame shi, amma yawansu ya isa ya sa mai hankali ya tsaya. A 1999 kotu ta same shi da laifin farfasa motar matarsa da shebur lokacin da suka yi faɗa. Aka ce ya je a yi masa nasiha kan rikicin cikin gida, ya kuma yi aikin gayya, ya ƙi, sai aka yanke masa wata 6, ya shiga kurkuku a 2002 ya yi kusan wata 4. Taurin kan da ya hana shi durƙusa wa mai ƙungiya, shi ne dai ya hana shi sauraren alƙali a kan abin da shi ne mai laifi. Ni ban ga yadda yadi 12,312 za su share hawayen macen da aka ɗaga wa hannu ba, kuma matan da ke saurarenmu sun fi ni sanin haka.

Yawan yadinsa ya tsaya shekara 19 ba a wuce shi ba, sai a 1984 Walter Payton na Chicago ya haura shi, daga baya Emmitt Smith ya kai 18,355. Amma su sun fi shi yawan shekaru a fili, kuma a yawancin zamaninsu wasa 16 ake yi a shekara, shi kuwa 12 ne da farko, daga baya 14. An sa shi a zauren tunawa da gwarzayen wasan a 1971. Ya rasu a gidansa da ke Los Angeles ranar 18 ga Mayu 2023, yana da shekara 87.