Dakka da 'Yargoje a Ajin Adabi: Matsayin Tarihihi a Makarantun Sakandare na Yammacin Zamfara



Wata rana na shiga wani ajin sakandare a ƙasar Gummi, na tambayi yara ko wa ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu. Kafin in rufe baki, aji duka ya amsa: Bayajidda. Na sake tambaya, to wane ne Dakka? Sai aka yi tsit, kamar ruwa ya ci su. Wannan shirun shi ne dalilin tsayuwata gabanku yau.

Bari mu fara rarrabe kalmomi, domin a nan rikicin yake farawa. Tatsuniya ƙagaggen labari ne, mai ba da ita da mai sauraro duk sun san Gizo bai taɓa rayuwa ba. Ƙissa labarin annabawa ce da sahabbai, tana da hurumin da ba a wasa da shi. Tarihihi kuwa yana tsakanin tarihi da ƙage, watau labarin mutum ko wuri na gaskiya wanda baki ya yi ta yi masa ado shekara da shekaru. Labarin Barbushe da Tsumburbura a dutsen Dala irinsa ne, haka kuma na Bayajidda.

Zamfara ba ta rasa nata ba. Magabata sun ce sarakunanta na farko ƙatti ne, samudawa, waɗanda suka zauna a Dutsi cikin ƙasar Zurmi, kuma Dakka ne na farinsu. Akwai sarauniya 'Yargoje, wadda ake danganta wata tsohuwar fitilar ƙarfe da sunanta. Akwai labarin Fara, ɗiyar sarkin da maharba suka ba mafaka, wanda wasu ke cewa daga "mazan Fara" sunan ƙasar ya fito. Ba a baka kaɗai waɗannan suke ba. Wani Bajamushe, Kurt Krieger, ya buga tarihin Zamfara a 1959, Dokta Garba Nadama kuma ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan tashi da faɗuwar daular a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977. Amma ɗaya da Jamusanci yake, ɗaya da Turanci, saboda haka yaron Bukkuyum bai amfana da ko ɗaya ba.

Abin da yake samu a maimakonsu fa? Yana karanta Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, littafi mai daɗi ƙwarai, sai dai jarumin cikinsa daga tarihihin Rasha aka ɗauko shi aka sa masa rigar Hausa. Ba na kushe aro, Abubakar Imam ma ya yi shi a Magana Jari Ce, ya kuma yi shi da gwaninta. Abin da ya fi damuna shi ne labarin Bayajidda yadda ake koyar da shi. Malami ya rubuta Hausa Bakwai a allo, ya rubuta Banza Bakwai a gefe, Zamfara na cikin jeri na biyu, yaro ya kwafe, ya haddace, ya rubuta a jarrabawa, a ba shi maki. Ga fadar Sarkin Zamfaran Anka nan kusa da shi, magajiyar daular da ta yi ɗaruruwan shekaru kafin Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18. Ba wanda ya ce masa ya tambayi waɗanda suka tsara jerin, da kuma amfanin da tsarin ya yi musu. Alhali kuwa wannan tambaya ita ce darasin adabin kansa. Kowane tarihihi yana da mai shi, kuma mai shi ba ya sa kansa a baya.

Na san akwai masu ƙyamar abin saboda addini, ban kuma ɗauki damuwarsu da wasa ba. Uba yana da gaskiya in ya ƙi a cusa wa ɗansa tsafi. Amma nazarin labari daban, gaskata shi daban. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya kawo labarun asalin ƙasashen Hausa cikin Infaƙul Maisuri, bai kuwa ga ya taɓa imaninsa ba.

Sa'an nan ga magana mai nauyi, wadda ba na jin daɗin faɗinta. Yaro ba ya zama ba jarumi a zuci. In makaranta ba ta ba shi wanda zai auna ba, waya za ta ba shi wanda zai bi. A shekarun nan na ta'addancin 'yan bindiga, an ga hotuna da waƙoƙin zuga ɓarayin daji suna yawo hannun samari. Zuga ba baƙon abu ba ne gare mu: Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri, Ɗan Anace ya yi wa Shago ɗan dambe, Gambu har ɓarayi ya yi wa. Ɗalibin da aka zauna da shi aka warware masa yadda kirari ke mai da mutum dodo, aka sa shi ya bambanta jarumtar da ke tsare gari da wadda ke ƙone shi, ba zai ruɗu da sauƙi ba in ya ji ana wasa wani mai bindiga.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinmu ba. Ma'aikatar Ilmi ta sa a fitar da ɗan littafi da Hausa mai sauƙi, a kawo kowane labari ta ruwaya biyu ko uku, kada a zaɓi ɗaya a ce ita ce sahihiya. Malami ya tura ɗalibai wajen makaɗan fada, da maharba, da tsofaffin mata, su ɗauko magana da waya, su rubuta ta da karin harshen da aka faɗe ta, kada a gyara Zamfarci ya koma Kananci. Fadodin Anka da Gummi da Bukkuyum su buɗe wa yaran ƙofa. Da yawa daga cikin tsofaffin da suka san labarun nan rashin tsaro ya raba su da ƙauyukansu, suna zaune a garuruwan nan uku, wasu ma a unguwa ɗaya da makarantun. Da su ya kamata a fara, a wannan zango.