INA WANDA KUKA ZAUNA BENCI ƊAYA DA SHI?

Wannan jawabi ne da aka gabatar ga 'yan uwa matasa a kan sada zumunci da abokan karatu. 



'Yan uwa, yau magana za mu yi a kan mutanen da kuka yi aji ɗaya da su, ko a makarantar allo, ko Islamiyya, ko firamare, ko sakandare. Kun sha bulala tare, kun raba gari da ƙuli tare, sannan aka watse, kowa ya kama gabansa. Bayan shekara goma ko ashirin sai a ce a haɗu. To tambayar ita ce, a haɗu a yi me?

A da, neman tsohon abokin karatu aiki ne. Sai ka rubuta wasiƙa, ko ka ba direban mota sallahu a tasha. Daga 2001 da wayar salula ta shigo Nijeriya wannan uzurin ya faɗi. Yanzu da wuya ka sami ajin da bai da zaurensa a WhatsApp. Amma ku duba da kyau, su wa ke magana a ciki? Waɗanda suka samu ne. Wanda bai da kuɗin data, ko wanda kunyar halin da yake ciki ta hana shi fitowa, shiru kake ji. Alhali shi ya fi kowa bukatar a neme shi.

Bari mu ɗauki misali da Kwalejin Barewa. An kafa ta a Katsina a 1921, aka mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, aka sa mata sunan Barewa a 1971. Duk ɗalibin da ya shiga ana ba shi lamba, kuma lambar tasa ce har abada. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta, wato BOBA, sananniya ce a ƙasar nan. Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk 'ya'yanta ne. To amma Yakubu Gowon da Murtala Muhammad ma ai duk can suka yi, kuma juyin mulkin Yulin 1975 da ya kawar da na farkon shi ya ɗora na biyun. Shehu Shagari da Malam Aminu Kano duk sun yi ta tana Kaduna, ga su kuma sun yi takarar shugaban ƙasa da juna a 1979, wannan a NPN, wancan a PRP. Ka ga ke nan makaranta ɗaya ba ta sa ra'ayi ya zama ɗaya. Saboda haka kar ka je taron 'yan aji kana zaton kowa na nan yadda ka bar shi. Wani ya canza tunani, wani ya canza hali. Haƙƙin zaman tare dai yana nan a kanka.

Abin da ke kashe irin wannan taro abu biyu ne. Na farko nuna isa. A kama zaure mai tsada, a yanka kuɗin shiga mai yawa, a ɗinka anko, kowa na leƙen motar da wani ya zo da ita. Ɗan uwanku mai faci a bakin titi ya ji labari, ya ce Allah Ya ba da sa'a, ya yi zamansa. Na biyu maula. Wanda ya zama wani abu a gwamnati a yi masa caa, kowa da takardar neman kwangila. Gobe ka kira shi ba zai ɗauka ba.

To me ya kamata? Ku zauna ku rubuta sunayen 'yan ajin gaba ɗaya, kamar yadda malam ke kiran rajista, har da wanda ya fita bai gama ba. Kowane suna a ba mutum guda ya nemo shi, ko da sai ya je unguwar iyayensa ya yi tambaya. Wanda ya rasu, a yi masa addu'a, a san inda marayunsa suke da wanda ke biya masu kuɗin makaranta. Wanda ke kwance, a je da ƙafa a duba shi. Kuɗin wata-wata a sa shi daidai ƙarfin mafi rauni a cikinku, mai hali ya ƙara a ɓoye. Wurin taro kuwa, ku koma makarantar taku, ku ga rufin da ke yoyo da idonku, ku nemo malamanku da suka tsufa ku gaishe su.

In kun haɗu, kar ka fara da tambayar ina kake aiki, nawa ake biyanka. Tambaye shi lafiyar iyaye da iyali, ka bar shi ya faɗi abin da ya ga dama.

Kafin Juma'a mai zuwa, kowannenmu ya tuno mutum ɗaya da ya daina jin ɗuriyarsa, ya neme shi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya saka wa malamanmu da alheri.